Kifin da Leland Ya Bari

Duluth, farkon Nuwamba

Zuwa ga Vern,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma Yuma lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Na gode da zuwan da ka yi jana'izar yayanka. Da waya zan buga maka, amma ka san yadda muke ƙarewa: ni ina ihu, kai kana cewa "me?" Shi ya sa na ɗauki biro.

Ina nan lafiya. Matan coci sun cika mini firji da gasasshiyar taliya, har na rasa inda zan sa madara. Abin da ke damuna shi ne Saje, farin kifin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da Leland ya ajiye a tankin ruwan gishiri a falo. Ranar da ya sayo shi bai fi babban yatsana ba. Mai shagon ya ce kifin teku ne, zai yi girma. Leland ya je ya tambaya a dandalin masu kiwon kifi na intanet, suka ce masa kada ya damu, kifi daidai tankinsa yake girma, in wuri ya ƙare sai ya tsaya. To, Saje bai tsaya ba. Yanzu ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Ba ya iya juyawa sai ya goga baki a gilas, har wurin ya saluɓe.

Jiya na shiga dandalin da sunan Leland, na sa hoto, na nemi shawara. Wani ya ce lafiyarsa lau. Wani kuma ya rubuta, "Duk wanda ya yi wa kifi haka mugu ne, a kulle shi a kabad ya ji in da daɗi." Bai san mutumin da yake zagi yana cikin ƙasa ba. Na kashe kwamfutar, na je na wanke kwanonin da ba su yi datti ba.

Me kake gani zan yi? Ka gaida maƙwabtanka.

Matar yayanka,
Marlys

Yuma, tsakiyar Nuwamba

Marlys,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa tana nan, ba ta warke ba, ba ta kuma tsinke ba.

Shawarata? Man shanu, lemon tsami, da babban kasko. Kada ki yi fushi, wasa nake yi. Na san da Leland na nan da ya jefe ni da takalmi.

Wannan yayan nawa, Allah ya ji ƙansa, likita ya yi ta fama da shi kan gishiri bai ji ba, amma wani da ke kiran kansa Sarkin Teku a intanet ya faɗi magana ɗaya, ya riƙe ta kamar daga bakin fasto ta fito. Na taɓa ce masa, "Lee, kai ma a ƙaramin ɗaki muka tashi, ya hana ka yin tumbi?" Ya ce ni me na sani, bakanike ne ni. Wanda ya zage shi kuwa, ki bar ni da shi. Ina ma ya san Lee ya taɓa kwana biyu yana motsa ruwan nan da ludayi lokacin da ƙanƙara ta yanke wuta.

Ki nemi babban gidan kallon kifaye na birni, su ke da wurin da zai ɗauke shi. Kada wani ya ce ki sake shi a tafki, ruwan ba na gishiri ba ne, ga sanyi, kafin ki koma mota ya mutu.

Kin ce kina lafiya, amma duk wasiƙar ba inda kika ce kin ci taliyar. Ki ci abinci, Marlys.

Naki,
Vern

Duluth, Disamba

Zuwa ga Vern,

Bayan gaisuwa, na ga wasiƙarka. Maganar kasko ta sa ni dariya, karo na farko tun da aka rufe Leland, saboda haka na yafe maka.

Na kira gidan kallon kifaye. Wata mata mai kirki ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, kusan kowane mako ana kiranmu kan irin wannan kifin. Ba mu da wuri." Shagon da aka saye shi kuma ya zama wurin wankin karnuka.

Saje ya daina cin abinci. Na koma dandalin, wannan karon na faɗa musu ni matar Leland ce, ya rasu. Sun yi mini ta'aziyya sosai, har wanda ya yi zagin ya ba ni haƙuri. Daga nan shawarwari suka zubo. Wannan ya ce in jiƙa jatan lande a ruwan tafarnuwa. Wancan ya ce in rage gishirin ruwan, na ƙasansa ya ce in na rage na kashe shi. Kowa yana magana kamar ya rantse. Na gwada tafarnuwar, falo ya yi ta wari, Saje ko kallo bai yi ba.

Akwai wani Wendell a Eau Claire da ya rubuto mini ni kaɗai. Ya ce yana da tanki mai tsawon bango a ɗakin ƙasa, zai karɓe shi. Rabin dandalin sun ce tafiyar za ta kashe tsohon kifi, rabi sun ce barinsa a nan shi ne kisan.

Vern, gaskiyar ita ce ba na son bayar da shi. In mutum ya zauna a kujerar Leland, Saje yakan zo jikin gilas ya tsaya yana kallonsa. Ni nake zama a kujerar yanzu. Shi kaɗai ya rage a gidan nan da ke jiran Leland tare da ni.

Ka huta lafiya,
Marlys

Yuma, ƙarshen Disamba

Marlys,

Ina gaishe ki, da barka da Kirsimeti, ko da yake na san yadda ta zo miki.

Yau ba wasa. Ni ban san kifi ba, kuma ba zan zama mutum na ɗari da zai rantse miki ba. Abin da na sani shi ne kin ce bakinsa ya saluɓe, kin ce ba ya ci. Wannan ba sai an tambayi intanet ba, idonki ya gani.

Kifin ba Lee yake jira ba, Marlys, jatan lande yake jira. Ke ce kike jiran Lee, ni ma haka. Ranar Lahadi na ɗauki waya zan tsokane shi kan ƙwallo, har na danna lambar.

Ki bari ƙanƙara ta narke, in zo da a-kori-kurata mu kai shi tare. Kada ki hau wannan hanya ke kaɗai da hunturu, zuwa gidan mutumin da ba ki taɓa gani ba. Kin ji ni ko?

Naki,
Vern

Duluth, Janairu

Zuwa ga Vern,

Bayan gaisuwa, na ji ka, amma ban bi maganarka ba. Saje ya fara kwanciya ta gefe ɗaya, na ga ba zai kai lokacin narkewar ƙanƙara ba.

Ranar Asabar maƙwabciyata Joanne ta taya ni shirin kai shi wurin Wendell. Muka zuba ruwansa a babbar kular da Leland ke zuwa kamun kifi da ita, muka sa famfon iska mai batir. Da zan kama shi ya watsa mini ruwa har cikin takalmi. Joanne ta ce, "Wannan ne marar lafiyar? Ai ya fi ni ƙarfi!" Na ƙure hitar ɗumama mota don kada ruwansa ya yi sanyi, na yi ta tuƙi ina zufa, dusar ƙanƙara na zuba. Duk inda na tsaya sai na ɗaga murfin in ga ko yana numfashi.

Wendell ba ɗan damfara ba ne. Tsohon direban motar makaranta ne, matarsa ta ba ni kofi da biskit. Tankin kuwa yadda ya faɗa haka yake, daga wannan bango zuwa wancan, ga duwatsu, ga haske shuɗi. Ya yi ta ɗiga ruwan tankinsa cikin kular sannu a hankali, sannan muka saka shi.

A cikin wannan fili ne na fara ganin bayansa ya lanƙwashe. A gida ban taɓa lura ba. Ya yi gaba kaɗan, daidai tsawon tankinmu, sai ya ja birki ya juya. Ya dawo, ya sake juyawa. Babu gilas a wurin, Vern, ruwa ne zalla a gabansa, amma nan yake tsayawa. Muka daɗe muna kallo, bai wuce ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Zai gane kuwa?"

Wendell ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce, "Ban sani ba. Da a dandali kika tambaye ni, da na ce miki tabbas."

Na dawo gida kafin duhu. Na kashe famfon tankin. Ashe shekara da shekaru ƙararsa ce ke cika gidan nan ban sani ba.

Ka yafe mini rashin jin magana.

Marlys

Duluth, Fabrairu

Zuwa ga Vern,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta faɗa ta iso, na karɓi faɗan.

Wendell ya kira ni da safiyar Talata. Saje ya mutu. Ya ce ya ci abinci sau ɗaya a makon farko, daga nan bai ƙara ba. A can ƙarshen tankin ya same shi, jikin bangon nesa, inda bai taɓa kaiwa ba. Ya ce bai sani ba ko da kansa ya yi iyo har can, ko ruwan famfo ne ya tura shi bayan ya mutu. Wai zai tambaya a dandalin, akwai waɗanda za su iya sani.

Na roƙe shi kada ya tambaya.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Matar yayanka,
Marlys