Kwatar da Ta Raba Mijina da Masallaci

Zuwa ga Hajiya Dakta, shugabar tawagar malaman jami'a masu binciken tsarin gine-gine da filayen jama'a a cikin birnin Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da ɗalibanki.

Ni ce Rabi, matar Malam Sani na Kwarbai, tsohon malamin firamaren nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Kin san ni, kin shiga har ɗakina. Na kira lambar da kika bar mini har na gaji, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Da kuka zo, mutanen unguwa ba su sake da ku ba. Malam ne ya sa baki, ya ce masu ilimi ne, a saurare su. Kika ce za ku tsara filin gaban masallacinmu yadda tsoho da makaho da mai keke za su shiga ba tare da an ɗauke su ba. Kuka bi shi a kekensa cikin lungu kuna awo kuna ɗaukar hoto. Ranar ya dawo gida yana murna kamar an ce ya warke.

Na biyu. An yi aikin. An shimfiɗa bulo, an kewaye filin, an sa masa matakala. Aka haƙa kwata a bakin lungunmu, aka tafi ba a rufe ba. Da can ƙasa ce da gargada, amma keke na wucewa.

Na uku. Bayan ƙaramar salla, maƙwabcinmu ya ɗora katako a kan kwatar don ya tsallakar da Malam zuwa sallar Juma'a. Katakon ya goce. Malam ya kife a cikin ruwan ƙazanta, da fararen kayansa, a gaban mutanen da ya koyar. Haƙarƙarinsa da ya bugu ya warke, amma tun ranar bai ƙara leƙa zaure ba. In an kira salla sai ya ce in rufe masa taga.

Na huɗu. Wani ɗalibinki ya gaya mini zanenku ba haka yake ba, ɗan kwangila ne ya canza. Na yarda. To wa ya dawo ya duba? 'Yata ta ga hoton mahaifinta a allon taronku, yana murmushi a kan keke. Wanda ke cikin hoton nan yana kwance, Dakta. Kuma yanzu a unguwa mu ake nunawa, wai mu muka jawo.

Ga damina ta kawo kai, kwatar za ta cika ta ɓace wa ido. Akwai makauniya a lungun nan, akwai masu ciki.

Abin da nake roƙo: ki kai maganar ga waɗanda suka ba da aikin, ke za su saurara ba ni ba. A rufe kwatar, a yi gangara a gefen matakalar. Ki sauke hotonsa har sai an gyara. Sannan ki zo da kanki, ki kama keken nan ki tura daga zaurenmu zuwa ƙofar masallaci. In kin kai shi, zan rubuta wata wasiƙar in nemi gafararki a bainar jama'a.

Malam bai san na rubuta ba. Da ya sani da ya hana ni, don har yau yana cewa ke mutuniyar kirki ce.

Allah Ya ƙara miki ilimi mai amfani, Ya bar ki da ƙafafunki.

Wassalam.

Rabi, Kwarbai, Zariya.