Na Sauke Rufin Ɗakinka

Tarka, farkon damina

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba mai kai maka takardar nan, ko da an kai ma ba ka karanta boko, ajami kaɗai ka sani. Ni ma bayan rasuwarka na koya, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a lakwal, makarantar bokon yara. To ga kaye, littafin rubutu, ga bik na rubutawa, kuma yau ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina sai kai. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yau da azahar na rushe rufin soronka. Ni da kaina, da dagi, ba wanda ya sa ni. Inna ba ta ciki, ƙalau take, kada hankalinka ya tashi. Amma bari in ɗauko maka maganar daga tushe, don ka san ba hauka na yi ba kamar yadda ake faɗa yanzu a unguwa.

Shekara huɗu ke nan da tafiyarka. Babbar ƴarmu ta haihu a Tanut, namiji, an sa masa sunanka, ka ga shi ma ba ni da bakin kiransa. Ƙananan biyu suna lakwal. Jakinka ya mutu a shekarun fari. Farin da ya biyo bayanka ya fi wanda muka gani tare muni, damina biyu rumbu bai ga ko rabi ba, jar dawar taimako da ake kawowa a kamyo, manyan motocin kaya, ita ta riƙe mu. Rabin unguwa sun yi kudu, wasu har yau ba labari. Ni ban tafi ba saboda Inna. Ƙafafun mahaifiyarka sun ƙare, daga gado zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta. Ranar da na fita takaba ta ce a kai mata kayanta soronka, nan ɗanta ya cika, nan za ta kwana har nata ya zo. Na kwashe nawa na koma ɗakin ciyawa da yara.

Ka tuna kwana biyu kafin ka cika? Ina zaune ina yi maka fifita, ina jira ka faɗa mini wata magana da zan riƙe. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare. Kai kuwa idonka na sama, kana ƙirga azara. Wallahi na ji haushinka a ranar, ban taɓa faɗa maka ba. Mutum yana bakin tafiya, matarsa na gefe, shi rufi yake kallo. Sai ka jawo ni kusa ka gaya mini abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Ka ce shekarar da ka gina soron, azarar giginyar da ka sa aka kawo maka daga kudu ta kasa, saura uku, ga damina ta ƙarato. Sai ka sa macen goriba a tsakiya, wadda ba ta da ƙarko, ka shafe ta da ƙasa, ka bi da farar ƙasa don kada ido ya gane. Ka ce ka yi niyyar canzawa, ginin mutane ya yi ta cinye maka rani. Ka ce rani mai zuwa a sauke rufin gaba ɗaya, kada a ƙara masa ƙasa ko ƙwarya ɗaya, don yaɓe ba ya maganin azarar da ta mutu. Na ce to.

Ban faɗa wa kowa ba, Maigida. Abin da na zo in amsa a gabanka ke nan.

Ta yaya zan faɗa? Har yau in baƙo ya zo Tarka ana nuna masa zauren masallacin da ka gina. A kasuwar Belbeji akwai shagunan da ake cewa ginin wane ne, ba ya motsi. Sunan nan shi kaɗai ka bar mana, ba shanu ba gona mai yawa. Sai ni matarka in buɗe baki, kabarinka bai bushe ba, in ce babban magini ya sa macen goriba a ɗakin kwanansa ya rufe da farar ƙasa? Na kasa. Na ce wa kaina ai ruwa ke kayar da soro, mu kuwa ruwan ne ba mu da shi. Fari ya ba ni wurin ɓuya, na ɓuya.

Wanka, Yaya Mamman, shi ke riƙe da gidan yanzu. Ka san shi, mutumin kirki ne amma ba a juya shi. Duk bazara sai ya sa a hau soron a ƙara masa yaɓe kamar yadda kowa ke yi kafin ruwa, yana cewa hakkin ƙanensa ne a kansa. Sau huɗu ana yi. Ka san wa ke ɗebo ruwan kwaɓin? Ni. A kaina na ɗauko shi daga rijiya, na zuba, aka kwaɓa, aka ɗora wa azarar nan uku kayan da ka ce kada a ɗora. Ina kallo.

Kai ka koya mini ganin rufi ba tare da ka yi niyya ba. Matar magini ko ba ta so sai kunnenta ya cika. Tun bara na fara tarar da gari a ƙasa da safe, ja-ja, mai laushi, a layi ɗaya daidai tsakiyar ɗaki. Na san aikin gara ne. Nakan share shi da sauri kafin Inna ta gani. Wata rana da aka fitar da ita shan hantsi na shiga da taɓarya na bi azara ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa kamar yadda kake yi a gidajen mutane. Na gefe suka amsa da ƙarfi. Na tsakiya kuwa sai ka ce tulun da ba komai. Kuma da, in zan taɓa su da taɓarya sai na yi ɗage. Bana ko hannu ban gama miƙewa ba ta taɓa. Rufin ya yi ciki, ya sauko, a daidai saman gadon Inna.

Juma'ar da ta wuce ruwa ya zo, ruwan gaske irin wanda muka manta. Gari ya rikice da murna, washegari kowa ya fita shuka. Ni kuwa lokacin da ake ruwan ina bakin ƙofar ɗakin ciyawa ina kallon indararon soronka. Na maƙwabta suna ta kwarara har suna haƙa rami a ƙasa, namu sai ɗan tsiyaya. Ina ruwan ya tafi? Da gari ya waye Yaya ya shigo ya duba ɗakin, bai ga ɗigo ko ɗaya ba, ya fita yana yabon yaɓensa. Ni kuwa abin da ya tsorata ni ke nan. Ka sha cewa in soro ya yi yoyo wuri ɗaya ana toshe shi a zauna lafiya, amma wanda ya sha ruwa bai fitar ta indararo ba, tsakiyarsa ce ta lotsa, ruwan yana nan a kansa. Na sa tsani na leƙa. Ruwa kwance a tsakiya, ƙasar yaɓe huɗu ta jiƙe ta yi laushi. Daga ranar ƙofa ta fara gogar ƙasa, sai an ɗaga ta take rufuwa. Shekaranjiya da rana ina dama wa Inna fura na ji ƙas a sama, ƙasa ta zubo cikin ƙwaryar. Inna ta ce ƙadangare ne.

Na je na durƙusa gaban Yaya, na gaya masa rufin nan ya ƙare, a fitar da Inna a sauke shi. Ban ambaci goriba ba, har a lokacin ina tsare maka suna. Ya tambaye ni yaushe na zama magina. Ya ce wa ya taɓa sauke rufi ana tsakar shuka, a bari sai kaka. Ya ce ginin ƙanensa ba ya faɗuwa, duk ƙasar Damargu an sani. Ka gani? Sunan naka da nake ta ɓoyo dominsa shi aka ɗauko aka toshe mini baki da shi. Na koma wajen Inna na roƙe ta ta dawo ɗakina ko na wata biyu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe ɗakin nake so, ko kuwa na yi bazawari ne nake neman share wurin ɗanta. Maganar ta yi mini ciwo, na haɗiye. Na aika Belbeji a nemo Malam Garba, abokin aikinka, shi ko Yaya zai ji maganarsa. Aka ce tun lokacin fari ya yi kudu bai dawo ba.

Kwana huɗu ke nan tun ruwan nan ina zaune da wannan. In na ji iska ta kaɗa sai gabana ya faɗi. Tsohuwar da ba ta iya kai kanta bakin ƙofa, in abin ya taho wa zai fitar da ita? Me zan ce maka in mun haɗu? In ce na tsare maka suna na binne maka uwa?

Yau da sassafe Yaya ya tafi kasuwar Belbeji. Zafi ya tsananta tun hantsi, kafin azahar gabas ta fara baƙi. Ruwa na biyu a kan ƙasar da ba ta bushe ba. Sai na yi wa Inna ƙarya, na ce kayanta sun yi warin raɓa, a fitar a shanya kafin hadari. Na goya ta na kai ta ƙarƙashin bishiyar bedi. Na fitar da tabarmi, da akwatinta, da buta, da carbi. Gadon ƙarfe ya fi ƙarfina, na bar shi. Na ɗauki dagin da kake haƙa ramin shigifa da shi, na hau tsani. Ban taka tsakiya ba, na tuna ka ce a kan bango kaɗai ake takawa. Na kwanta a kan bangon, na miƙa dagi, na soka. Ya shige kamar cikin tuwo. Na sake. A ta huɗu na ji ƙara daga ƙarƙashina, tsakiyar ta tafi gaba ɗaya, bangon ya girgiza, na rungume indararo na rufe ido. Da ƙura ta lafa na leƙa, ban ga gadon ba. Ƙasa ce tuli a wurin, ƙafarsa ɗaya ta leƙo a lanƙwashe.

Inna ta yi kuka tana kiran sunanka, irin kukan da ban ƙara ji ba tun ranar da aka fita da kai. Wannan ne ya fi komai cina. Ni na sa ta, ta sake rasa ka yau a hannuna. Maƙwabta suka cika gidan, wasu na salati, wasu na cewa aljanu ne suka hau ni. Na sauko ban kula kowa ba.

To yanzu ga inda nake. Ƙoramar Tarka za ta cika, Yaya ba zai iso ba sai gobe. Na san abin da zai ce, ni na kayar da ɗakin, da na bar shi da yana nan tsaye. Kuma ba ni da yadda zan ƙaryata shi. Da zai faɗi yau? Da zai kai baɗi? Ban sani ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Yana iya cewa in tattara in koma wajen dangina Ollelewa, yara su zauna gidan ubansu. Ina tsoro, Maigida, ba zan ɓoye maka ba.

Azarar nan uku suna kwance a saman tulin, farar ƙasar ta ɓare, kowa ya duba zai gane macen goriba ce. Na taɓa ɗaya ta marmashe a hannuna. Ɗazu na tsaya a kansu na yi tunanin in janye su in tura murhu kafin gobe, a ce kawai Barira ta haukace, sunanka ya tsira. Na daɗe a tsaye. Na bar su inda suka faɗi. Gobe in Yaya ya tara mutane zan kai shi wurin in nuna masa, in faɗi abin da ka gaya mini, in faɗi kuma cewa shekara huɗu na sani na yi shiru. Laifinka uku ne, nawa ya fi. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka kallon rufin nan.

Ruwa ya sauko tun la'asar, yana zuba kai tsaye cikin ɗakinka. Inna tana ɗakin ciyawa a kan gadona, na lulluɓe ta da zanena. Tun da na kwantar da ita take zagina, ni da uwata da duk zuriyar Ollelewa, ba wanda ta bari. Na kai mata tuwo, ta cinye tas, ta wanke hannu, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ina nan bakin ƙofa ina rubutu ina jinta. Muryarta da ƙarfi, Maigida. Ta yi ta zagi har shekara goma, ina so.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Barira, wadda ta rushe maka ɗaki