Kaucin Ɗorawarmu Bai Buɗe Ba

Zuwa ga Asiya, inuwar ɗorawata, ruwan randa a tsakiyar bazara, hasken gidana da ya koma Ƙaura ya bar ni a Zurmi ina lalube.

Kin tuna shekarar da rana ta yi zazzaɓi da hantsi, har kaji sunka shige akurki? A shekaran nan kauci ya fara kama ɗorawar gonarmu. Na ɗauko gatari, kinka riƙe mini hannu. Ke kinka nuna mini abin da na tsufa ban lura ba: yadda ido guda ke kumbura a gindin ganye kamar ƙwayar gero, ya tsage, 'yan tsinke su fito a cunkushe, kore tukuna, sannan su yi ja da baƙin kai kamar ashana. Kinka ce ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, jera furensa yake a kan kara, na ƙasa ya riga na sama, amma kauci tari yake yi, duk a gindi ɗaya, kamar 'yan ɗaki guda. Kuma ba ya buɗewa sai ɗan tsuntsu ya sa baki ya taɓa shi, ya tsage farat ɗaya. Wayyo, dariyar da kinka yi ranar!

Yanzu ga saƙo daga ɗanmu Mus'ab da kike jinya a gidansa, wai idonki na dama ya tafi, na hagu kuma hazo ne, likita ya girgiza kai. Wai kin ce kada in taso, hanya ba lafiya, sai dai in aiko miki da labari ko kaucin ya yi fure. Labari, Asiya? Ni zan zauna ina aika labari ga idanun da na sha kallon kaina a cikinsu?

Furen ya fito, sanyin raina, ya yi tari fiye da kowace shekara, har reshen ya sunkuya. Amma a rufe yake! Masu gawayi sun cinye itatuwan fadama, tsuntsayen sun watse. Kullum ina gindin ɗorawa, wuyana ya ƙage da kallon sama, ko fiffike ban gani ba. Ni ina jiran tsuntsu, idonki ba ya jira. In na sare reshen zai yi yaushi a hanya, in na bar shi duhu ya riga ni. Ina zan sa kaina? Wa zan kai wa ƙara?

Mutanen gari sun ce in haƙura, tsoho da ciwon gwiwa ba ya hawa ɗorawa. Su faɗa! Wanda zai karanta miki takardan nan, don Allah ya bi a hankali, kada ya tsallake ko kalma. Na ba direba ita yau don ta riga ni, ko da ni ban iso ba.

Gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan jingina tsani in hau, in yanko reshen da ya fi tari, in naɗe shi a jiƙaƙƙen rawanina, in hau motar farko. A gabanki zan sa farce in tsage furannin ɗaya bayan ɗaya. In hazon ya riga ya rufe, sai ki ba ni hannunki.

Naki, nan duniya har kabari,
Namadi