Gitar da Ke Amsa Muryarka

Zuwa ga yayana Iliya, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa Inna tana nan da sauran ƙarfinta, mutanen gida lafiya, tabkin Madarumfa kuma ya cika bana har ya shiga lambuna. Na rubuto a fili, inda kowa zai karanta, domin ban san inda zan aika ba. Wataƙila wani ya san wani da zai kai maka.

Ka san aikina na jarida. Na saba rubuta labarin mutanen da suka fita ba su dawo ba, na kuma san tsarinsa: suna, wuri, abin da jandarma suka ce. Naka ne kaɗai na kasa rubutawa, ga shi kuwa ba shi da tsawo. Bayan girbi ka ɗaure gita biyu a bayan moto, wato babur, za ka kai wa wata majami'a a ƙetaren iyaka. An ga wucewarka ta wajen Gabi. An tsinci moto, kai ba a gan ka ba. Babu wanda ya kira neman fansa, babu wanda ya kawo labarin mutuwa. Shekaru sun shuɗe a haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, gitarka ce, wadda ka bari rataye a ɗakin Inna. Ƙwaro ya shige ta.

Ina tuna ranar da muka ɗauko itacenta. Iska ta karya babban reshen gawo a bakin tabki, ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji, muka jawo shi da amalanke. Ya daɗe a inuwar rumbu yana bushewa, ka hana kowa zama a kansa. Baya da gefuna ka yi su da maɗaci. Wuya ka yi da ƙirya, don ba ta lanƙwasawa komai jan tsirkiya. Fuska kuwa, wato allon gaba mai fitar da sauti, ka ce sai gawo. Kafintocin Maraɗi suka yi maka dariya, domin kowa ya san gawo abincin ƙwaro ne. Ka ce musu: "Gawo na da murya, tsawon rai ne ba shi da shi. In ta lalace, ai ina nan."

Na sha juya ƙarshen maganar nan a zuciyata.

Babu lakwal, wato makarantar boko, da ya koya maka wannan sana'a. Kakanmu, wanda har ya mutu bai taka majami'a ba, garaya yake sassaƙa wa makaɗan bori, a gindinsa ka ɗauki dabarar. Ba ka yi wa mutum gita sai ka ji muryarsa. Ka zaunar da shi, ka sa ya yi waƙa ko ya karanta Zabura, kai kuma ka riƙe allon da yatsu biyu kusa da bakinsa, kana jiran ya yi rawa a hannunka. In bai yi ba, ka koma ka kankare cikinsa da fasasshiyar kwalba, kaɗan-kaɗan, har itace ya amsa. Fasto ya taɓa tambayarka ko wannan ba al'adar masu bori ba ce. Ka ce: "Fasto, kunne ba shi da addini." Ya yi dariya, ya zauna, ya karanta tasa Zaburar.

Wannan ta ɗakin Inna, kanka ka yi wa. Kwana da kwanaki kana tsugune a zaure, allo a gaban bakinka, kana guna a maƙogwaro da muryar nan taka mai kauri, ka kankare, ka sake gunawa. Na yi ta yi maka ba'a, ina cewa ka zama kurciya.

Adon gitar kuwa na Inna ne. Ta sa ƙarfenta na zanen ƙwarya a wuta, ta kewaye bakin gitar da sawun kaza da ƙananan kifaye, tana mita cewa ita ba ta saba zane a kan abu mai faɗi ba. Har yanzu in na ji ƙaurin itace, zauren nan nake gani. Hannunta yana rawa yanzu, Yaya. Ko ludayi ba ta iya zanawa.

Ga abin da ya faru a farkon damina.

Na zo daga Maraɗi da safe, mura ta kama ni, muryata ta dusashe ta yi ƙasa. Inna tana bayan ɗaki tana tankaɗe. Na leƙa ɗakin na ce, "Inna, ina kwana?" Sai gitar ta amsa daga bango. Ba wanda ya taɓa ta. Wani gunji ne mai laushi, ya ɗan daɗe bayan na rufe baki.

Na ji faɗuwar rariya. Inna ta zagayo, gari har gwiwar hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Iliya."

Kai ɗan fari ne. Ka san tun da aka haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yayanku", "mai gita", "wancan mai taurin kai", iyakarta ke nan. Ko ranar da jandarma suka zo tambaya, ni na faɗi sunan, ita tana kallon ƙasa. A safiyar nan ta faɗe shi sarai. Da ta ga ni ne, ta rufe baki da tafin hannu, ta koma ta tsince rariyarta. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Na san bayanin abin, na karanta shi. Kowane akwatin itace yana da sautin da yake amsawa, in murya ta dace da shi sai ya girgiza. Mura ce ta sauke muryata zuwa taka. Ba fatalwa, ba iska. Na faɗa wa kaina haka a hanyar komawa, kuma gaskiya ne. Amma da na warke na dawo da na'urar ɗaukar magana ta wurin aiki, na tsaya gaban bango ina kaurara murya, ina kwaikwayon muryarka. Shiru. Sau ɗaya gitar ta ɗan motsa, na saurari abin da na ɗauka, muryata kawai na ji da carar zakaran maƙwabta.

A ranar ne na lura da garin itace a ƙasa, daidai ƙarƙashinta, fari kamar na gero. Na duba fuskar, ga ƙananan ramuka kamar na allura, wasu har cikin kifayen Inna.

Na kai ta wurin wani dattijon kafinta a Maraɗi, ɗaya daga cikin masu yi maka dariya a da. Wannan karon bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya ce maɗaci da ƙirya lafiyarsu lau, amma fuskar ta zama saƙar zuma daga ciki. Magani zai kashe ƙwarin da ke waje, na cikin sun yi nisa. In an cire ta aka sa sabon katako, gitar za ta kai jikokinmu. In an bar ta, wata rana tsirkiya za ta ja, allon ya rufta. Bai san yaushe ba.

Na kawo wa Inna maganar. Ta ce: "Kai ka yi boko, kai ka sani." Amma na ga abin da take yi. Kullum da safe ta share garin nan da tafin hannu, ba da tsintsiya ba, ta zuba a wani ƙaramin ƙoƙo da ta ɓoye bayan fanteka.

Na yi tunani iya tunanina, Yaya. Sabon katako zai ba mu gita mai kyau wadda ba ta san kowa ba. Na aika wa dattijon da godiya, na ce a bar ta. Na sassauta tsirkiyoyin don nauyi ya ragu, na mayar da ita ƙusarta. Mai gyaranta guda ne, shi ya ce yana nan.

Ka fi kowa sanin saurin ƙwaro a cikin gawo. Ka lissafa da kanka. In kana inda za ka iya tasowa, ka taso. Ba sai ka zo da bayani ba, ba wanda zai tambaye ka inda ka tsaya. Ka shigo da safe, ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce ina kwana.

In kuwa ka riga mu, Ubangiji da ya san muryar kowace tunkiya tasa ya karɓi taka, ya ba ka hutu. Ya ba Inna haƙuri, ya ba ni ƙarfin tsayawa kusa da ita ranar da allon zai rufta. Cikin sunan Yesu, amin.

Ƙanenka, wanda muryarsa ba ta kai taka ba,
Dauda