Kada Ka Zare Kebul Ɗin Nan

Yaya,

Na fita aiki kana barci. Na ji abin da ka ce wa Inna jiya, wai yau za ka kira mai gwangwan ya kwashe injin yankan ciyawar da na haɗa. To, ba inda za shi.

E, ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar mai hajijiya, har ya aske wa Inna furanninta. Na ba ta haƙuri ta haƙura, kai ne ka ƙi daina dariya. Laifina ne, ba nasa ba. Allunan lantarki biyun da ke cikinsa masu juya tayoyi, manhaja iri ɗaya na ɗora musu, na manta cewa injinan tayoyin sun ba wa juna baya. Shi ya sa taya ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya.

Allon hagu lafiyarsa ƙalau. Na dama na ciro, yana kan teburin falo, na jona shi da tsohuwar kwamfutata. Ka san jan cikinta, sabuwar manhajar ba ta gama shiga ba. Don Allah kada ka zare kebul ɗin don cajin wayarka. In ka zare, allon ya mutu murus, wahalar wata uku ta tashi a banza.

Kada kuma ka wahalar da kanka neman laujenka, na ɓoye shi. Ciyawar nan ko ta kai taga, injina ne zai yanke ta, kana zaune kana kallo.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Injiniya da gatse