Abin da Ban Faɗa Miki Ba

Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ni da sauƙi. Yau sati uku ke nan a asibitin nan, rawar jiki ta daina, har abinci nake cinyewa tas.

Likita ta ce in rubuta abin da bakina ya kasa. Kin san ƙwaya na fara ta ne saboda ciwon baya, da ɗaukar bututu da hawa tsani. Abin da ba ki sani ba, leƙe ya girmi ƙwaya. Tun ina saurayi nake fama da shi. In na hau gyaran tanki, sai idona ya faɗa banɗakin maƙwabta, ina tsine wa kaina amma na kasa sauka. Ƙwayar ce ke kashe min kunyar.

Ranar da malamar makarantar nan, maƙwabciyarmu, ta ɗaga kai tana wanka ta gan ni ta kurma ihu, na ɗauka tawa ta ƙare. Kika ratso mutane, hannunki duk kumfar wanki, kika tsaya a gindin tsani. Ba ki ce ƙarya ake min ba. Cewa kika yi, “Ya yi laifi, kuma ba lafiya gare shi ba. Ku bar min shi in kai shi asibiti.” Likita ma haka ta ce: cuta ce mai magani, amma ba uzuri ba ce.

Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Mijinki,
Mai Famfo

Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta har takardar ta yi laushi.

Na ji saƙon malama, cewa ba za ta kai ƙara ba, amma ba ta son sake ganina. Tana da gaskiya. Ta fi wata guda tana tsoron shiga wanka a gidanta, ni na jawo mata. Na kuma yarda da sharaɗinki, zan fara zama wajen Yaya tukuna. Ya ce in riƙa tsare masa shagon kayan famfo. Ni da rufin gidan mutane har abada. Duk Talata kuma zan riƙa ganin likita.

A nan muna zama mu takwas, kowa ya faɗi nasa. Akwai wani tsohon direba da ke cewa tunda nake gyaran tankin mutane, ashe nawa tankin ne ke yoyo. Na yi dariya, karo na farko.

Ran Asabar za a sallame ni. Ki aiko da wani wandon, wancan ya ƙi shiga.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki daina ce wa yara na yi tafiya. Ki ce musu Baba ba shi da lafiya, yana shan magani, wanda likita ta rubuta.

Naki, in kina so,
Mai Famfo