Babu Jinin Radebe a Jikina

Zuwa ga Zimkhitha, sanyin idona, ruwan farko bayan fari, inuwata a tsakar rana,

Ki zauna kafin ki karanta, don ni a tsaye nake rubutu, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ina garinmu Cofimvaba, a gidan kakata, kuma tunda kin daina ɗaukar wayata, dole takarda ta kawo miki albishir.

Kin tuna yammacin nan a gidan fiza na unguwar Woodstock, can birni? Rana na gangarawa bayan dutse, itace na ci a murhu, ƙamshin cuku da tumatir ya cika ko'ina. Kina juya jar giyar inabi a kofi kamar wata gwana, kina yi min tsiya wai ina cin fiza da wuƙa da cokali kamar sabon malamin makaranta. Ni kuwa ban ma san me nake taunawa ba, ke nake kallo. Da maganar aure na zo a bakina, jira kawai nake ki gama dariya.

Sai ga mai kawo abinci, ashe Xolile ne, ɗan garinmu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, ba jikan MaRadebe ba ne wannan? Yaro, birni ya karɓe ka, har da tumbi." Da ya kira kakata da sunan zuri'arsu ta Radebe, sai na ga hannunki ya tsaya da yankan fiza a sama. Kika ajiye shi a hankali kika ce, "Mawande, mahaifiyata 'yar Radebe ce." Tun ranar farko mun tambayi juna zuri'ar ubanninmu, muka ga babu haɗi, amma wa ya tuna da ɓangaren mata? In kakata da mahaifiyarki zuri'arsu ɗaya, a al'adarmu ke ƙanwata ce, aure ya haramta. Kika tafi, washegari kika turo min saƙo kina ce min "Yaya". Ban taɓa tsanar kalma kamar wannan ba.

Na kasa ci, na kasa aiki, sai na hau mota na taho gida. Na tarar da tsohuwa tana ɓarar wake a ƙofar ɗaki, na durƙusa na zayyana mata komai. Ta ture kwanon waken gefe. Can sai ta yi dariya, ga hawaye a idonta, ta ce, "Sakarai, dubi hancina ka dubi naka mana. Ba ni na haifi ubanka ba. Uwarsa 'yar zuri'ar Mpinga ce, ta rasu yana jinjiri, kakanka ya auro ni na goya shi. Ni Allah bai ba ni nawa ba." Na ruga wurin baffana, ya ce haka ne, ɓoyewa suka yi don kada ranta ya sosu.

Zimkhitha, babu ɗigon jinin Radebe a jikina! Kin ji ko in sake rubutawa? Ke ba ƙanwata ba ce, ba ki taɓa zama ba. Ina son ki, son da ya hana ni barci, kuma yanzu ba mai hana ni faɗa a gaban kowa. Ki janye "Yayan" nan, ki ɗauki wayata, ki ba ni izini baffannina su je gaban mahaifinki.

Da zan tashi, tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Kawo min ita da wuri, tun ina gani. Na tsufa a gidan nan ba mai jinina ko ɗaya, ita kuwa jinin Radebe ce kamar ni. In ta haihu, karon farko ke nan da zan goya nawa."

Mu biyu ne ke jiranki yanzu, kuma ita ta fi ni daɗewa tana jira.

Naki ke kaɗai, har numfashina na ƙarshe,
Mawande